Takardun Jama'a Tsakanin Kwamfutar Ofis da Jakar Sakatare

A yawancin makarantun Islamiyya da ƙungiyoyi da ƙananan ofisoshin da ke zangunan Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase da Sawaba, aikin rubutu ya rabu gida biyu. Akwai kwamfutar tebur da ke zaune a ofis, wadda galibi wani mai hali ne ya bayar da ita sadaka ko kuma aka sayo ta hannu a Adum, akwai kuma kwamfutar tafi-da-gidanka da sakatare ko ma'aji ko shugaban malamai yake sakawa a jaka ya koma da ita gida. Da rana ana shigar da sunayen ɗalibai da kuɗin makaranta a ta ofis, da dare kuma, bayan sallar isha'i, ana ƙarasa sakamakon jarrabawa ko lissafin gudummawa a ta gida. Kowace daga cikin na'urorin biyu tana ɗauke da fayil mai suna iri ɗaya, amma abin da ke cikinsu ya sha bamban, kuma idan aka tambayi wanne ne sahihi, sau da yawa mai riƙe da su ma sai ya buɗe duka biyun ya yi nazari kafin ya ba da amsa.

Mutane suna ɗaukar wannan a matsayin ƙaramar matsala ta masu sanin kwamfuta. Ni a wurina magana ce ta amanar jama'a, domin abin da ke cikin waɗannan fayiloli ba mallakar sakatare ba ne. A ciki akwai jerin waɗanda suka zuba adashi da waɗanda suka kwasa, da kuɗin da aka tara don gyaran maƙabarta ko rufin masallaci, da sunayen ɗaliban da za a yi wa rajistar jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare, da hotunan fasfo da lambobin katin Gana, wato katin shaidar ɗan ƙasa, na maniyyata aikin hajji. A wasu masallatai har da rajistar ɗaurin aure. Dokar auren Musulmi ta 1907 ta tanadi a yi wa aure rajista a wurin hukuma cikin mako guda, amma kowa ya san aure da yawa a zango ba su taɓa ganin wannan rajistar ba, saboda haka ranar da rikicin gado ya tashi, abin da masallaci ya rubuta ya ajiye yana iya zama hujja ɗaya tilo a hannun matar da mijinta ya rasu. Takardar da ke da irin wannan nauyi bai kamata ta kasance tana da fuska biyu ba.

Hanyar da aka saba bi wajen haɗa kwamfutocin biyu ita ce filas, ko kuma mutum ya tura wa kansa fayil ta WhatsApp ya sauke shi a ɗaya ɓangaren. Wannan hanya tana aiki muddin mutum ɗaya ne ke taɓa fayil ɗin kuma bai taɓa mantuwa ba. To amma a ɗauka ma'aji ya shigar da kuɗin wani uba a gida ranar Asabar, ranar Litinin da safe kuma wani malami ya shigar da na iyaye uku a kwamfutar ofis kafin ma'ajin ya iso. Da ya iso sai ya soka filas, kwamfuta ta tambaye shi ko ta maye gurbin tsohon fayil da sabo, ya amsa mata da e. A nan take sunayen iyayen nan uku sun ɓace, ba tare da wata alama ba, kuma ba wanda zai sani sai ƙarshen zangon karatu lokacin da aka kori yaransu saboda bashin da iyayensu suka riga suka biya. Uban da aka yi wa haka zai tafi da zargin an ci kuɗinsa, malamin da ya karɓa kuma zai zauna da tabon da bai jawo wa kansa ba. Rigingimu da dama da muke dangantawa da rashin gaskiya a ƙungiyoyinmu ina kyautata zaton asalinsu irin wannan ne. Ga kuma ƙarin ɓarna: filas ɗin da ya shiga shagunan buga takardu yakan dawo da ƙwayar cutar nan da ke ɓoye foldoji ta bar gajerun hanyoyi na bogi a madadinsu, sai ya shafa wa kwamfutocin biyu a rana ɗaya.

Saboda haka ina goyon bayan a daina dogaro da hannu da ƙwaƙwalwar mutum, a koma ga manhajojin da ke daidaita fayiloli da kansu. Yadda suke aiki ba shi da wuyar fahimta. Ana zaɓar folda ɗaya a kowace kwamfuta, manhajar ta riƙa sa ido a kanta. Duk lokacin da wani fayil ya canza, sai ta lura ta hanyar lokacin da aka gyara shi da girmansa da wani lissafi da take yi a kan abin da ke cikinsa, sannan ta kai canjin ɗaya ɓangaren. Idan kuma aka gyara fayil ɗaya a wurare biyu kafin su haɗu, kamar yadda ya faru da ma'ajinmu, manhaja irin su Dropbox da Syncthing ba sa zaɓar ɗaya su halaka ɗaya a ɓoye; suna ajiye duka biyun, su sa wa ɗaya alamar saɓani a sunansa, su bar wa mutum ya duba ya haɗa. Wannan kaɗai ya isa dalilin barin filas. Dropbox ta fito a 2008, tana ba da gigabait 2 kyauta kuma tana iyakance asusun kyauta ga na'urori uku. Google Drive ta zo a 2012, tana ba da gigabait 15 da ake rabawa tsakaninta da Gmail da hotuna. OneDrive ta Microsoft, wadda ke zuwa a cikin Windows, tana ba da 5. Ga makarantar da duk abin da take ajiyewa rubutu ne da jadawalin lissafi, ko mafi ƙanƙanta a cikinsu zai ɗauke ta shekaru.

Sai dai a nan ne nake rabuwa da matasanmu masu ɗokin fasaha, waɗanda da zarar sun sa wa ofis Google Drive sai su ce wa dattawa an gama, takardu sun tsira. Daidaita fayiloli daban, adana su daban. Aikin manhajar daidaitawa shi ne ta sa kwamfutocin biyu su zama iri ɗaya, ba ruwanta da ko abin da ya canza alheri ne ko sharri. Idan yaro ya taɓa kwamfutar babansa a gida ya goge foldar sakamakon jarrabawa, manhajar za ta kai wannan gogewar ofis da irin saurin da take kai gyara. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar ajiye fayil ya lalace, lalataccen ne zai maye gurbin mai kyau. Idan ƙwayar cutar da ke kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa ta shiga, irin WannaCry da ta bazu a ƙasashe fiye da 150 a watan Mayun 2017, fayilolin da ta kulle su ne za su tafi ɗaya kwamfutar. Gaskiya ne kamfanonin nan suna da kwandon shara da tarihin tsofaffin kwafi, amma na ɗan lokaci ne: Google Drive tana share abin da ke kwandonta bayan kwana 30, haka ma asusun Dropbox na kyauta kwana 30 yake riƙe abin da aka goge. Makarantar da ta tafi dogon hutu, ko ƙungiyar da ba ta buɗe lissafin layya sai shekara ta zagayo, za ta iya gano asarar bayan wa'adin ya wuce da watanni.

Don haka ko an daidaita kwamfutocin biyu, dole a sami kwafi na uku wanda ba ya bin su. Faifan ajiya na waje ya isa, a soka shi sau ɗaya a mako ko a ƙarshen wata, a kwafe komai a folda mai ɗauke da kwanan wata, a cire shi, a kai shi wani gida dabam. Masana harkar suna da ƙa'idar da suke kira uku-biyu-ɗaya, wato kwafi uku, a kan nau'in na'urar ajiya biyu, ɗaya kuma a wani wuri nesa da sauran. Mu mutanen Kumasi ba ma bukatar a yi mana dogon bayani kan dalilin sharaɗin ƙarshen nan, domin mun ga gobarar sabuwar kasuwar Kejetia a watan Maris na 2023, mun kuma ga ta Adum a watan Maris na 2025. Faifan da ke kwance a aljihun tebur ɗaya da kwamfutar ofis tare za su ƙone.

Akwai kuma batun da masu tallan ajiya a intanet ba sa son tsayawa a kansa, wato halin da muke ciki na wuta da sadarwa. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu da ke kawo wa Afirka ta Yamma intanet, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, sun samu matsala a lokaci guda, Gana na cikin ƙasashen da abin ya fi shafa, kuma gyaran ya ɗauki makonni. Wanda duk takardunsa ke can a rumbun kamfani kaɗai, a kwanakin nan ba shi da takarda. Abin da ya sa nake jaddada wannan shi ne akwai wani tarko a cikin manhajojin kansu. Google Drive ta kwamfuta tana da tsari biyu, ɗaya yana ajiye cikakken kwafi a faifan na'urarka, ɗaya kuma yana nuna maka sunayen fayiloli ne kawai, sai ka danna sannan ya sauko da su daga intanet. OneDrive ma tana da irin wannan tsari na biyu. Mutum yana ganin jerin fayilolinsa a allo ya ɗauka suna hannunsa, alhali ba komai a faifan sai sunaye. Ga ofishin zango, tilas ne a zaɓi tsarin da ke ajiye cikakken kwafi a kwamfutocin biyu, ko da zai ci wuri, domin ranar da data ta ƙare ko layi ya yanke aiki ya ci gaba, daga baya su daidaita.

Matsalar wuta kuma ta fi cutar da kwamfutar tebur, tunda ba ta da batiri. Duk wanda ya rayu a shekarun dumsor, wato lokacin yawan ɗauke wuta a Gana, musamman 2015, ya san yadda take mutuwa farat ɗaya a tsakiyar aiki. Na'urar UPS mai riƙe wuta na 'yan mintuna ta fi sabon allo ko sabuwar firinta muhimmanci a irin wannan ofis, amma ita ce ba a taɓa sakawa a jerin abin da ake roƙo. Wani abu ƙarami da ake mantawa shi ne ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke cikin tsofaffin kwamfutocin da ake shigowa da su: idan ya mutu, agogon na'urar yakan koma wata shekara ta can baya duk lokacin da aka cire wuta, kuma duk tsarin da ke duba lokaci don sanin wane fayil ne sabo zai ruɗe, ya ɗauki aikin yau a matsayin tsoho. 'Yan sidi kaɗan ne kuɗinsa.

Ga waɗanda tsadar data ta dame su, ko waɗanda ba sa son bayanan jama'arsu su kwana a rumbun wani kamfani a Amurka, akwai hanya ta daban da nake ganin ta fi dacewa da yawancin ofisoshinmu. Syncthing manhaja ce ta kyauta wadda kowa ke iya duba yadda aka gina ta, kuma ba ta da rumbu a tsakiya: kwamfutocin biyu suna magana da juna kai tsaye, a rufe da lambobin sirri. Idan sakatare ya iso ofis ya haɗa kwamfutarsa da rauta ɗaya da ta tebur, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a ofis, za su gane juna su daidaita ta cikin gida, fayilolin ba su bi ta intanet ba balle su ci data. Tana da nata sharuɗɗan, kuma bai dace a ɓoye su ba. Dole na'urorin biyu su kasance a kunne a lokaci guda, in ba haka ba babu abin da zai wuce. Tsarin riƙe tsofaffin kwafi yana nan a cikinta amma a kashe yake zuwa, sai an kunna shi da hannu, kuma wanda bai kunna ba ya bar kansa ba kwandon shara ko na kwana ɗaya. Saita ta a karon farko yana bukatar wanda ya san abin da yake yi. Kuma ita da sauran duka, ba a so a bar su suna daidaita fayil ɗin manhajar lissafi ko rumbun bayanai irin na manhajar Microsoft Access yayin da yake a buɗe, domin suna iya kwafe shi rabi da rabi. A rufe manhajar tukuna, ko a fitar da kwafin ajiya daga cikinta a daidaita wannan.

Duk wannan magana ce ta kayan aiki. Abin da ya fi damuna, wanda kuma babu manhajar da za ta gyara shi, shi ne da sunan wa aka buɗe asusun. A kusan ko'ina, idan ma ana amfani da Google Drive, adireshin Gmail na sakatare ne na kansa, kalmar sirri tana kansa shi kaɗai, lambar da ake turo wa saƙon tabbatarwa ta wayarsa ce. Ranar da ya samu hanya ya tafi Jamus ko Saudiyya, ko aka yi zaɓe ya faɗi ya yi fushi, ko Allah ya yi masa rasuwa, tarihin ƙungiya na shekara goma ya tafi tare da shi. Ko da babu rigima, lambar waya ba abin dogaro ba ce har abada: layukan da ba a haɗa su da katin Gana ba an toshe su a 2023, kuma asusun da ke rataye da irin wannan layi buɗe shi ya zama wahala. Google kuma ta sanar cewa asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba tana iya share shi da duk abin da ke ciki, ta fara aiwatar da haka daga Disamban 2023. Asusun takardun makaranta ko masallaci ya kamata ya kasance da sunan makarantar ko masallacin, mutum biyu ko uku amintattu su san hanyar shiga, a rubuta kalmar sirri da lambobin ceto a takarda a rufe a ambulan a ajiye wurin liman ko shugaban kwamiti, kuma miƙa su ya shiga cikin sharuɗɗan miƙa mulki kamar yadda ake miƙa hatimi da littafin banki.

Na san akwai dattawa da za su ce duk wannan wahalar kwamfuta ce ta kawo ta, littafi mai bango da alƙalami bai taɓa goge kansa ba. Ba na raina wannan magana, kuma ba na ba da shawarar a jefar da littafin. Rajistar aure da rasit mai kwafi biyu su ci gaba da zama a takarda. Amma ina tuna musu cewa iyayenmu malamai ba su taɓa yarda da kwafi ɗaya ba, ba su kuma yarda da kwafin da ba a bincika ba. Almajirin da ya kwafe littafi da hannu sai ya zauna da malaminsa an yi muƙabala, ɗaya yana karanta asali ɗaya yana bin sabon rubutu, har a tabbatar ba a tsallake layi ba. Abin da nake nema a yi wa fayiloli ke nan, a san wanne ne asali, a tabbatar kwafin ya yi daidai da shi, a kuma ajiye wani a hannun wani. Hukumar shirya jarrabawa da ofishin alhazai da bankuna duk sun koma karɓar bayanai ta kwamfuta, saboda haka komawa ga littafi zalla ba zaɓi ba ne da ke hannunmu.

Akwai ɓangaren doka da ya kamata shugabanninmu su sani. Dokar Kare Bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta ɗora wa duk wanda ke tattara bayanan mutane nauyin yin rajista da Hukumar Kare Bayanai da kuma ɗaukar matakan tsare abin da ya tara. Daidaita fayiloli yana nufin hotunan fasfo ɗin maniyyata da sunayen yaran mutane suna yawo a cikin jaka, a tasha, a cikin motar haya, kowace rana. Kwamfutar da aka sata, kalmar sirrin shiga Windows kaɗai ba ta hana a cire faifanta a karanta shi a wata na'ura. Sai an kulle faifan gaba ɗaya da tsari irin BitLocker, a kuma adana mabuɗin cetonsa a wurin da ba cikin kwamfutar ba. Mafi sauƙi ma shi ne a rage abin da ke tafiya gida. Ba dole ba ne duk abin da ke ofis ya bi sakatare. A ware foldar aikin da ake ciki a daidaita ta, takardun shaidar mutane kuma su zauna a ofis da faifan ajiya, a goge su idan bukatarsu ta ƙare. Haka kuma hotunan bikin iyalin sakatare da finafinan yaransa ba su da wuri a foldar ƙungiya.

Wa zai ɗauki wannan aiki? Shekaru da yawa ana raba kwamfutoci a zango, daga 'yan siyasa da ƙungiyoyin agaji da 'yan uwanmu mazauna ƙasashen waje, ana ɗaukar hoto ana tafiya, ba a bar faifan ajiya ko UPS ko horon yini ɗaya ba. Sashen Ilimin Musulunci da ke ƙarƙashin Hukumar Ilimi ta Gana yana da makarantu a hannunsa, zai iya fitar da takarda mai shafi ɗaya da ke bayyana inda asalin fayilolin makaranta zai zauna, da sunan wa asusu zai kasance, da ranar da ake ɗaukar kwafi. Asusun Raya Zango, wanda aka kafa da doka a 2017, idan zai tallafa wa wata makaranta da na'urori, yana iya sa wannan ya zama sharaɗi. Sarakunan zango da limamai, waɗanda a gabansu ake kawo ƙarar kuɗin ƙungiya idan lissafi ya rikice, su ne suka fi kowa cin moriyar a gyara tun kafin a zo gabansu. Muna kuma da yaranmu da suka karanta kwamfuta a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) da Jami'ar Fasaha ta Kumasi, da yawansu suna sallah a waɗannan masallatai, kuma saita wannan tsari a ofis ɗaya ba zai ci wa ɗayansu fiye da yammacin Asabar ba. Sharaɗin da zan gindaya musu shi ne kada su saita su tafi da ilimin a kansu, su zaunar da ma'aji da sakatare su nuna musu alamar da ke cewa an gama daidaitawa kafin a rufe kwamfuta, su nuna musu yadda fayil mai saɓani yake da abin da ake yi da shi, sannan a gaban kwamiti a goge fayil ɗaya da gangan a dawo da shi daga faifan ajiya, a kuma riƙa maimaita wannan gwaji a farkon kowane zangon karatu.